WeightWatchers ko Nutrisystem: wanne ya fi rage ƙiba?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a Amurka, shekaruna 41, 'ya'yana huɗu, nauyina kilo 92. An gwada ni an ce sukarina ya fara hawa. Ƙawata ta ce in shiga WeightWatchers, ƙanwar maigidana kuma ta dage sai Nutrisystem, masu aiko da abinci har gida. Kafin in zuba kuɗina, wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Idan sai na zaɓa miki ɗaya, WeightWatchers zan ce, amma kada ki sa ran abin da kike gani a hotunan talla.

A 2015 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins sun tattaro gwaje-gwajen da aka yi wa irin waɗannan kamfanoni. Bayan shekara guda, masu bin WeightWatchers sun ɗara waɗanda aka ba shawara kawai da kashi 2.6 cikin ɗari na nauyinsu, wato a jikinki kamar kilo biyu da rabi. Wani kamfanin irinsu, Jenny Craig, ya kai kashi 4.9, sai dai ya rufe cibiyoyinsa na Amurka a 2023. Nutrisystem ya nuna kashi 3.8, amma a wata uku ne aka auna, kuma a wata ukun farko kusan kowa yana ramewa. Wuyar aikin tana wata na tara, lokacin da zumuɗi ya kwanta.

An kuma yi wani gwaji kan mutum 772 a Ingila da Jamus da Ostireliya, aka wallafa shi a mujallar Lancet a 2011. 'Yan WeightWatchers sun zubar da kimanin kilo 5 a shekara, waɗanda suka tsaya wajen likitansu kuwa kilo 2 da ɗan kai. Kamfanin ne ya ba da kuɗin binciken, ki riƙe wannan ma.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na birnin Boston a 2005. An raba mutum 160 kan tsarin cin abinci huɗu: Atkins, Ornish, Zone da WeightWatchers. Bayan shekara duk suka tashi tsakanin kilo 2 zuwa 3 da ɗoriya, kusan kunnen doki. A wasu rukunan rabin mutanen sun gudu tun kafin a gama. Waɗanda suka rame sosai su ne waɗanda suka jure, ko wane tsari aka ba su.

To ke Hajiya, duba gidanki. Kin tuƙa wa mutum shida tuwon shinkafa, miyar taushe tana ta ƙamshi, ke kuma ki koma gefe da ɗan kwalin abinci da kika ɗumama. Kwana nawa za ki yi a haka? Ranar da kika daina biya, kwalin ya daina zuwa, tukunyarki kuma tana nan yadda kika bar ta. Shi WeightWatchers maki yake sa wa abinci, ki ci naki na gida kina lissafi: malmala ɗaya maimakon biyu, man ja da cokali ba da ludayi ba. Sai dai ba lallai ki samu masa ko fura a manhajarsu ba, sai kin shigar da kayan haɗin da kanki. Hawa sikeli duk mako a taronsu ma yana tsare mutum.

Tunda maganar sukari ce, ki tambayi likitanki shirin rigakafin ciwon sukari da hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ke kula da shi, wasu kamfanonin inshora suna biya. A gwajin da aka gina shi a kai, an nemi mutane su rage kashi 7 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, sai haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 58. Kashi 7 a wajenki kilo shida da rabi ne kawai.

Duk wanda kika zaɓa, ki karanta sharaɗin fita kafin ki ba su lambar katinki, domin yawancinsu suna ci gaba da cire kuɗi duk wata har sai kin soke da kanki.