Amsa: Fenti a kan bangon alminiyam

Ka ce gidan da ka saya a Amurka an lulluɓe bangonsa da fallayen alminiyam, launinsu ya koɗe, kana tunanin ko ka yi musu fenti ko ka cire su ka sa sababbi. Shawarata ita ce ka yi fentin. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, kuma fenti yana kama shi sosai. Muddin fallayen ba su huje ko sun lotse da yawa ba, cire su ɓarnar kuɗi ce.

Inda na ga mutane suna ɓata aikinsu shi ne wajen wankewa. Shafa tafin hannunka a bangon. Idan ya fito da farin gari kamar alli, tsohon fentin ne rana ta cinye. Dole ka goge shi da buroshi da sabulu, ka ɗauraye, ka bari ya bushe sarai, in ba haka ba sabon fentin zai ɓaɓɓare da wuri. Ka nemi fentin akirilik na waje mara ƙyalli, don mai ƙyalli yana fito da duk wata lotsa, kuma kada ka shafa lokacin da rana ta gasa fallayen. Idan an gina gidan kafin 1978, a fara gwada tsohon fentin ko akwai dalma, wadda guba ce, a ciki kafin ka kankare komai.