Ga 'yar'uwar da aka rubuta wa asfirin tana da ciki

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, na ga tambayarki: cikinki na mako 13, likita ya rubuta miki asfirin mai miligiram 75 kullum, mutanen gida kuma sun tsorata ki wai yana tsinka jini, za ki zubar da jini wajen haihuwa. Ni ma an faɗa min haka, shi ya sa na kasa wucewa ban amsa ba.

Cikina na fari jinina ya hau a mako na 32. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ga ciwon kai da ba ya jin magani, ga furotin a fitsari, wato ciwon hawan jinin masu juna biyu. Tiyata aka yi aka ciro yarinyar bakwaini, ta yi makonni a kwalba. Da na samu na biyu aka ɗora ni kan asfirin tun mako na 12 don rage haɗarin dawowar ciwon, na bi likitata da tambaya har sai da na gane aikinsa.

A cikin jini akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ɓargo ke samarwa, su ne masu tsayar da jini. In kin yanke, su ke fara rugawa bakin ciwon su manne da juna su toshe shi. Suna kiran junansu da wani sinadari mai suna tromboksen, wanda kuma yake matse jijiyoyin jini. Asfirin yana kashe injin da ke haɗa sinadarin nan a cikin ƙwayar, ita kuwa ba ta da halin ƙera sabo, haka za ta zauna har ƙarshen rayuwarta, kwana 7 zuwa 10. Shi kansa maganin ba ya daɗewa, cikin kamar minti 20 rabinsa ya bar jini, amma aikin da ya yi yana nan. Bangon jijiya kuma yana fitar da nasa sinadarin mai buɗe jijiya, kuma shi yana iya gyara injinsa. Wannan ne hikimar ƙaramin awo: ya rage mai matsewa, ya bar mai buɗewa yana aiki. A hawan jinin masu juna biyu, jijiyoyin da ke kai jini mabiyiya ba su buɗe yadda ya kamata ba, mai matsewar kuma ya rinjayi ɗan'uwansa.

Kin ga ke nan jinin bai zama ruwa ba, yawan ƙwayoyin ma bai ragu ba, danƙonsu ne kawai ya yi sauƙi. Nawa an ƙirga sau uku a wajen awo, duk suna sama da 150,000, wato yawansu bai yi ƙasa ba. Sauran hanyoyin daskarar da jini kuma suna nan daram. Abin da na gani da idona kaɗan ne: in an ɗebi jinina, audugar da a da nake cirewa nan take sai na ɗan ƙara danne ta, wani lokacin kuma in ga ja-ja a buroshi da safe.

Dalilin shansa kullum shi ne ɓargo ba ya hutawa, kowace rana yana sako sababbin ƙwayoyi kamar kashi 10 cikin 100 waɗanda maganin bai taɓa ba. In kin manta rana ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, kada dai ki haɗa biyu. Amma sha yau a bar gobe a bar jibi, wannan ɓata magani ne. Ni da daddare nake sha, na ajiye shi kusa da buroshina don kada in manta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar miligiram 75 ga masu haɗarin wannan ciwo. Wani babban bincike da aka wallafa a 2017, inda aka ba mata miligiram 150 da daddare har mako na 36, ya nuna raguwar kashi 62 cikin 100 na irin wannan hawan jinin da ke sa a haihu kafin lokaci. An fi son a fara kafin mako na 16, don haka kin zo a kan gaɓa. Yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi gaba ɗaya, kada ki yi wasa da awo da gwajin jini.

Don Allah ki gaya wa likita in kina da gyambon ciki, asma da asfirin ke tayarwa, ko matsalar zubar jini. Kada ki haɗa shi da ibufurofen, yana tare masa hanya, kuma bai dace da mai tsohon ciki ba. In kin ga jini ta gaba, haɓon da ya ƙi tsayawa ko baƙin bayan gida, asibiti kai tsaye.

Ranar dainawa ta likitanki ce: wasu a mako na 36, wasu har haihuwa. Ni a 36 aka tsayar min, na kai mako 38, aka yi min allurar baya aka ciro ɗana lafiya, ko leda ɗaya ta jini ba a ƙara min ba. Allah ya sauke ki lafiya.