In ƙara faɗin gona ne, ko in shiga ajiya da sarrafa amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mace ce mai 'ya'ya huɗu, kuma shekarata 8 ina noma masara da wake a gonar da dangin maigidana suka ba ni aro. Kowace kaka abin da nake samu ba ya kai na maƙwabcina namiji, alhali gonakinmu kusan faɗinsu ɗaya, har na fara zargin ko ni ce ban iya ba. Yanzu na tara ɗan jari. Wasu sun ce in karɓi hayar ƙarin gona, wasu sun ce in shiga ajiye hatsi da sarrafa shi, ko kiwon kaji. Wanne ya fi mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya sa albarka a nemanki. Zan fara da zargin da kike yi wa kanki, domin idan ba a kawar da shi ba, duk shawarar da za ta biyo baya a kan kuskure za ta tsaya. Giɓin da kike gani tsakaninki da maƙwabcinki sananne ne a duniya, kuma an auna shi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa gonar da mace ke gudanarwa tana gaza ta namiji mai faɗi ɗaya da kashi 24 cikin 100 wajen amfani. Tun a 2011 hukumar ta ƙiyasta cewa da mata za su samu kayan aiki daidai da maza, da amfaninsu ya ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Kafin nan, a 1996, masanin tattalin arziki Christopher Udry ya nazarci gonaki a Burkina Faso, inda ya kwatanta na miji da na mata a cikin gida ɗaya, amfani iri ɗaya, shekara ɗaya, ya tarar na matan sun fi ƙarancin yabanya ƙwarai, kuma dalilin shi ne kusan duk taki da yawancin hannun aiki gonar miji suke tafiya. Bai sami laifin a basirar matan ba.

Ki waiwayi daminar da ta wuce ki gani ko ba haka ya faru da ke ba. Ruwan shuka ya sauka, mai garma ya fara da manyan gonaki, bai iso gare ki ba sai bayan mako guda ko fiye. Lokacin noman farko ya yi, 'yan ƙwadago suna wurin wanda ya fi biya ko wanda suke jin nauyinsa, yaran gida kuma suna gonar gida, ke kuwa ba ki isa gona ba sai rana ta take, bayan kin gama girki da ɗebo ruwa da shirya yara. Masara ba ta yafe wannan jinkiri. Makonni shida na farko su ne lokacin da ciyawa ta fi yi mata illa, kuma takin da ake ƙara mata tsakanin mako na huɗu zuwa na shida, idan ya makara, kuɗinsa ne kawai aka kashe ba a ci cikakken amfaninsa ba. Wanda ya zo a kaka buhuna kawai zai ƙirga, ba zai ga waɗannan kwanaki da suka kuɓuce ba.

Saboda haka ban goyi bayan ki ƙara faɗin gona a yanzu ba. Matsalarki ta lokaci ce da hannun aiki, kuma idan kika ninka gona alhali hannun da zai yi mata aiki bai ƙaru ba, jinkirin ne zai ninku, ga kuɗin haya a kanki. Ƙaramar gona da aka shuka a kan kari, aka nome sau biyu, aka ba ta taki daidai, takan fi babbar da aka bi ta a gaggauce. Ki ware wani kaso na jarinki tun kafin damina ki kama mai garma da 'yan ƙwadago da kafin alƙalami, ki sayi iri mai kyau da taki tun ba su yi wuyar samu ba.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci a ganina, shi ne matsayin gonar kanta. Kin ce aro ce. A duniya baki ɗaya mata ba su kai kashi 15 cikin 100 na masu riƙe da filayen noma ba, kuma wannan yana shafar amfani kai tsaye. Takin gargajiya yana ɗaukar shekaru yana aiki a ƙasa, itacen marmari ba ya haihuwa a shekarar da aka dasa shi, rijiya kuwa ba a ɗauke ta a tafi da ita. Wadda ba ta da tabbacin gonar za ta kasance a hannunta baɗi ba za ta zuba dukiyarta a waɗannan ba, kuma ba ta yi wauta ba. Na sha ganin mace ta raya gonar da aka yasar, ta kai mata taki shekara da shekaru, ranar da ƙasar ta yi kyau mai ita ya ce yana buƙatar abinsa. Irin wannan ya fi faruwa idan aure ya mutu ko miji ya rasu, Allah ya kiyaye. Ki nemi a zauna cikin mutunci, tare da maigidanki, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: iyakokin gonar, shekarun da za ki riƙe ta, uku ko biyar misali, da abin da za a biya ki idan an karɓe ta kafin wa'adi. Rubutu ba rashin yarda ba ne, yana kare zumunci ne daga gardamar gobe. Idan kuma kina da gado na fili a gidanku da ba a fitar miki ba, ko kina iya sayen ko da ƙaramin yanki da sunanki, wannan ya fi hayar babban fili daraja.

Sauran jarin, ina ganin ajiya ce ta fi dacewa da ke, domin abin da kika riga kika sani ne, kuma ana yin ta a gida ba tare da jiran kowa ba. Yawancin ƙananan manoma suna sayarwa a kaka lokacin da hatsi ya cika kasuwa, saboda bashi da buƙatun gida, da kuma tsoron ƙwari, musamman a wake. Buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro ya magance tsoron ƙwarin ba tare da magani ba. Ledoji biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa, ana ɗaure kowace daban bayan an matse iskar ciki, sai ƙwarin su rasa iskar shaƙa su mutu. Sharaɗinsa biyu ne, kada leda ta huje, kuma hatsin ya bushe sarai. Ga gwaji mai sauƙi: ki sami busasshiyar kwalba, ki zuba hatsi da ɗan busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza, ki bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, sai a mayar shanya. Hatsin da aka rufe da danshi yana yin fumfuna, kuma fumfunar masara da gyaɗa tana iya haifar da gubar aflatoksin mai cutar da hanta. Sai dai ki sani ba kowace shekara farashi ke tashi bayan kaka ba, don haka kada ki ci bashi domin ki tara hatsi, kuma ki riƙa sayarwa kashi-kashi.

Sarrafawa, kamar gyara hatsi, niƙa da ƙullawa, tana ƙara riba, amma ki sami mai saye kafin ki sayi inji. Kiwon kaji kuwa kuɗinsa yana juyawa da sauri, kajin nama sukan isa sayarwa cikin mako 6 zuwa 8, amma abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin, kuma cuta guda kan share ɗaki idan an yi sakaci da rigakafi. Ki gwada da kaɗan tukuna, idan har kina so.

Game da rance, banki yakan nemi jingina da mata da yawa ba su da ita, shi ya sa ƙungiyoyin tanadi da ba da rance suka yi tasiri. Ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna CARE ta fara wannan tsari a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, kuma daga can ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mambobi suna zuba kuɗi kowane mako a akwati mai makullai uku da ke hannun mutum uku, suna ranta wa juna, a raba abin da ya taru a ƙarshen zango. Ƙungiya irin wannan tana iya sayen taki a dunƙule, ta kama mai garma da sunan mambobi ashirin, wanda ba zai ajiye su a ƙarshen layi ba kamar yadda yake ajiye mace guda.

Daga wannan damina ki buɗe littafi, ki riƙa rubuta ranar shuka, ranar kowane noma, kuɗin da kika kashe, buhunan da kika samu, da abin da aka ɗiba aka ci a gida, domin shi ma amfanin gona ne ko da bai je kasuwa ba. Ki raba kuɗin sana'a da na cefane. Idan bayan kaka biyu littafin ya nuna kina shuka da noma a kan lokaci kuma amfaninki ya kusa na maƙwabcinki, sai ki nemi ƙarin gona, da yarjejeniya a rubuce.