Me ya sa har yanzu ake yabon Mulholland Drive?

Malam, ka ce ka kalli fim ɗin Mulholland Drive sau biyu ba ka gane kansa ba balle gindinsa, kana mamakin yadda har yau ake kambama shi. Ni ma kallona na farko da haushi na tashi.

Asalinsa ba fim ba ne. David Lynch ya ɗauke shi a 1999 a matsayin kashin farko na shirin talabijin, tashar ABC ta ce ba ta so. Sai kamfanin StudioCanal na Faransa ya zuba kuɗi, aka ƙara ɗauka, ya fito a 2001. Shi ya sa wasu mutanen cikin fim ɗin ke leƙowa su ɓace ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Abin da ya riƙe jama'a shi ne yadda yake ratsa jiki. Ka tuna gidan wasan Silencio na cikin fim ɗin: mawaƙiyar nan ta yanke jiki ta faɗi, ana fita da ita, muryarta ba ta tsaya ba. Betty da Rita, matan biyu da labarin ke kansu, suna sharɓar hawaye, alhali tun farko an gaya musu naɗaɗɗen sauti ne. Mu ma haka Lynch ya yi mana.

A 2016 BBC ta tambayi masharhanta 177, suka zaɓe shi gwarzon finafinan wannan ƙarni. A ƙuri'ar mujallar finafinai ta Sight and Sound ta 2022 ya zo na 8.

In za ka sake kallo, ɗauki duk abin da ya faru kafin a buɗe shuɗin akwatin nan a matsayin mafarkin Diane, matar da Betty ta rikiɗe ta zama a ƙarshen fim ɗin. Ba kowa ya yarda da wannan fassarar ba, amma ni ita ta warware min.