Ku Tambayi Anti: Ɗakin jirgin ruwan nan zai ɗauke mu kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah a taimaka min da shawara, maigida ne yace in Allah ya kaimu hutun ƙarshen shekara bayan mun gama umara zai kaimu yawon shaƙatawa a irin manyan jiragen ruwan nan dake tashi daga Jidda, mu huɗu ne, ni da shi da yara biyu, babbar shekararta 9 ƙaramin 4. Ejen ya turo mana hotuna ɗaki mai baranda yayi kyau wlh kamar otal, amma kuɗinsa yafi na mara taga sosai, shi maigida yace kwana kawai zamuyi a ciki meye na ɓarnar kuɗi, ni kuma tsorona kar muje mu matsu, bana son ƙunci ko kaɗan. Shin ɗakunan nan suna da girma kamar yadda ake gani a hoto? Kuma barandar ta cancanci ƙarin kuɗin? Daga wata uwargida a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, lafiya lau alhamdulillah, Allah ya karɓi ibada ya kaiku lafiya. Gaskiyar magana ɗakin bai kai yadda kike gani a hoto ba, kuma ba wai ejen ɗin yaudararki yake ba, masu ɗaukar hoton ne suke tsayawa a lungu da kyamara mai buɗe waje sai ɗan ɗaki ya koma kamar falo. Ki ajiye hoton gefe ki ce masa ya turo miki lamba, wato faɗin ɗakin murabba'in mita nawa ne ko murabba'in ƙafa nawa.

Bari in kawo miki shi gida yadda zaki gane. Kinsan ɗakin da magina ke cewa sha biyu sha biyu, ƙafa 12 tsawo ƙafa 12 faɗi, to murabba'in ƙafa 144 kenan, a mita kuma 13 da ɗan ɗoriya. Ɗakin jirgi mara taga a yawancin manyan kamfanoni daga nan yake farawa zuwa wajen mita 17, mai baranda kuma cikinsa yakan kai 16 zuwa 19. Kamfanin Carnival na Amurka misali ɗakinsu na yau da kullum murabba'in ƙafa 185 ne, wajen mita 17, kuma ana lissafa shi cikin masu ɗan yalwa. Zaki ce ai yafi ɗakina na gida, to tsaya, a cikin wannan lissafin har da banɗaki, har da wadrob, har da ɗan lungun da kike bi daga ƙofa. Abinda ya rage shi gado zai ci, da kushin ɗaya, da ɗan tebur mai madubi. Kuma ɗakin ba murabba'i bane irin namu, dogo ne siriri, faɗinsa bai cika kai mita uku ba, tsakanin ƙarshen gado da bango mutum ɗaya ne ke wucewa, in kina tahowa maigida na tahowa dole ɗaya ya koma baya.

Dalilin da yasa suke kusan iri ɗaya kuwa, ba a cikin jirgin ake gina su ba. A masana'anta ake ƙera kowane ɗaki ɗai-ɗai kamar akwati da banɗakinsa da wayarin ɗinsa, sannan a ɗauko a zura cikin jirgi a jera. Shi yasa ko ƙaton jirgin nan Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 daga Mayami, wanda aka ƙera a Turku ta ƙasar Finlan, tsawonsa wajen mita 365, ɗakin talakansa bai fi na sauran jirage da wani abin kirki ba. Girman jirgi yana tafiya ne wajen gidajen abinci da wuraren wasan yara, ba ɗakin kwana ba, kar wani ya ce miki ai jirgin ƙato ne ɗakin ma ƙato ne.

Yanzu maganar ku huɗu, nan ne nafi damuwa. Ɗakin mutum huɗu ba wai yafi na mutum biyu girma bane, ɗaki ɗaya ne, kawai an ƙara wajen kwanciya. Ko dai kushin ɗin a buɗe shi da dare ya zama gado, ko kuma akwai gado a maƙale a silin ko a bango mai gyaran ɗaki ya sauko da shi da yamma ya kafa masa ɗan tsani. Lokacin da nayi irin wannan tafiyar da ƙanwata da ɗanta, da aka buɗe kushin ɗin nan hanyar zuwa baranda ta toshe gaba ɗaya, da asuba na tashi sallah na rasa inda zan shimfiɗa sallaya, sai a ɗan lungun nan tsakanin ƙofar banɗaki da wadrob na samu, sallayar ta shiga cif ba ragi, in nayi sujada gwiwar hannuna na taɓa ƙofar wadrob, ƙanwata kuma tana zaune bakin gado da hijabinta tana jiran in sallame ta shiga wajen. Mu da muke sallah sau biyar, ko da ana haɗawa saboda tafiya, filin ƙasa ba ƙaramin abu bane a wajenmu, su masu tsara ɗakin basu sa wannan a lissafi ba. Dan haka ki tambayi ejen takamaimai, gadon na uku da na huɗu daga sama suke saukowa ko kushin ne? Na sama yafi barin fili a ƙasa, amma ɗan shekara 4 bazan ɗora shi can ba, babbar ta hau.

Tunda daga Jidda zaku tashi, in jirgin Aroya ne na Saudiyya da ya fara aiki a Disamban 2024, shi an tsara shi ne da mutanen yankin a rai, ba giya, abinci halal, akwai wajen sallah, to kinga maigida zai iya fita can ya bar miki ɗaki ke da yara. In wani kamfanin ne ki tambaya kafin ku biya.

Sai baranda. Barandar ɗaki na yau da kullum murabba'in mita 3 zuwa 5 ce, ta Carnival ɗin da na ambata ƙafa 35 ce, mita uku da ɗan abu. Kujera biyu da ɗan tebur da bai fi faranti ba, shikenan ta cika, in kika zauna kika miƙe ƙafa kin taɓo gilashin gaba. Ba wajen da zaku baje tabarma ku huɗu kuci abinci bane. Kuma ki lura da wannan sosai, wasu kamfanonin in sun rubuta faɗin ɗaki sun haɗa har da barandar a ciki, kamfanin Princess suna yawan yin haka, wasu kuma suna rabawa, sai kiga ɗaya ya rubuta 20 ɗaya ya rubuta 17 kiyi zaton na farkon yafi alhali duk ɗaya ne. Ki tambaya, wannan lambar da baranda ce ko banda ita?

To ta cancanci kuɗin? A ganina ku dai ta cancanta, kuma dalilina ba kallon teku bane kawai. Yara suna barci da wuri, in sukayi barci a ɗaki mara taga ke da maigida ko dai ku kashe fitila ku kwanta ko kuyi ta raɗa a duhu, amma da baranda sai ku ja ƙofa ku zauna waje kuyi hirarku kuna hango su ta gilashi. Sannan ke mace ce mai lulluɓi, saman jirgin nan cike yake da jama'a da masu wanka, barandar ce kaɗai inda zaki sha iska ba hijabi, akwai allo tsakaninki da maƙwabta, sai dai in jirgi ya tsaya a tasha ki kula dan wani jirgin kan tsaya dab da naku. Ɗaki mara taga kuma duhu ne ɗulum ko da rana tsaka, baki san gari ya waye ba sai da agogo, wanda baya son ƙunci irinki kwana ɗaya zai ishe shi. Maigida yana da gaskiyarsa ta wani fannin, in da shi kaɗai ne ko shi da abokinsa, fita zasuyi tun safe sai dare, mara tagar ya wadatar. Amma mai yara ƙanana rabin tafiyarta a ɗaki take yi.

Ga abinda nake so kiyi yau ɗin nan, ki ɗauko tef ɗin awo irin na tela da alli, ki fita tsakar gida ki zana ƙafa 9 a faɗi ƙafa 20 a tsawo, ki yanke wajen banɗaki daga gaba, ki zana gado a tsakiya, ki kira maigida da yaran ku shiga ciki ku tsaya. A nan za a yanke hukunci ba a waya ba. In kunga bazai yiwu ba ku tambayi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, wani lokacin mara taga guda biyu kuɗinsu baya nisa da mai baranda ɗaya na mutum huɗu, ga banɗaki biyu, wanda da safe zaki gode Allah.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni tsoron barandar nake saboda yarana basa zama waje ɗaya, yaro bazai faɗa ruwa ba? Kuma zan iya shanya wanki a can in kunna turaren wuta? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Yauwa ƴar uwa, barka kadai. Shingen barandar yana da tsayi, dokar Amurka ta 2010 ta ce kar ya gaza inci 42, wajen santimita 107, kuma manyan jirage galibi haka suke, yaro yana tsaye a ƙasa bazai faɗa ba. Haɗarin kujera ne, yaro ya ja ta jikin gilashi ya hau dan ya leƙa. Ƙofar tana da nauyi kuma a jirage da yawa akwai makulli a sama inda hannun yaro baya kaiwa, ranar da kuka shiga ki sa mai gyaran ɗaki ya nuna miki, kuma kar ki bar yaro a can shi kaɗai ko na minti ɗaya ne, ko da zuwa ɗauko waya.

Turaren wuta kam ki haƙura, nasan da ciwo, mu da ko kwana ɗaya zamuyi a wani waje sai mun tafi da kasko. Ba abinda ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara. A Maris na 2006 wuta ta tashi a jirgin Star Princess daga wata baranda, ana kyautata zaton guntun taba ne, ta cinye ɗakuna da dama mutum ɗaya ya rasu, yanzu kusan duk manyan kamfanoni sun hana shan taba a baranda. Gawayi, kyandir, dutsen guga, duk za a karɓe su tun a wajen binciken kaya. Ki tafi da humra da turaren fesawa. Shanya ma basa so a baranda, iskar teku zata ɗauke miki ɗankwali kina kallo, ga gishiri yana sa kaya danshi, a cikin shawa yawanci akwai ɗan igiya da ake ja dan ƙananan kaya. Ki sa ƙaramar butar roba a akwati, banɗakin yawancin jiragen Turai da Amurka ba abin tsarki, kuma masan irin na jirgin sama ne mai zuƙa, banda takardar da suka ajiye kar a jefa komai. Wani abu kuma, in kika bar ƙofar baranda a buɗe a jirage da yawa esi ɗin ɗakin kashe kansa yake.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Mahaifiyata zan kai, tana da ciwon gwiwa kuma ko a mota jiri take ji. Ejen yace akwai ɗaki mai baranda mai araha amma kamfani ne zai zaɓa mana, wai garanti. In karɓa? Daga wani ɗan uwa a Kumasi.

AMSA: Lafiya lau Malam, Allah yayi maka albarka da wannan niyya, ya ƙara wa Mama lafiya. Kar ka karɓa. Garanti ma'anarsa sun yi maka alkawarin irin ɗakin amma ba wajen da yake ba, kana iya tsintar kanku can gaban jirgi a hawa na sama inda yafi ko'ina lilo, ko barandar da kwale-kwalen ceto ya tare mata gaba. Mai jin jiri tsakiyar jirgi take so kuma hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da lifta saboda gwiwar, dan hanyoyin da ake bi tsakanin ɗakuna a cikin jirgin nan dogaye ne ba wasa, daga ƙarshe zuwa wajen cin abinci tafiya ce. Ka sa a buɗe maka taswirar hawan ka zaɓi lambar ɗaki da kanka, ka duba kuma me ke samanku da ƙasanku, in wajen kiɗa ne ko kicin Mama bazata runtsa ba, wanda ɗakunan kwana ne sama da ƙasa shi zaka ɗauka.

Ƙofar banɗakin ɗakunan nan tana da ɗan tudu da ake tsallakawa, shawar kuma ƙarama ce, ka nemi a kawo mata kujerar wanka tun kafin ku hau. In har tana amfani da keken guragu ko sandar nan mai ƙafa huɗu to akwai ɗakunan da aka ware wa masu irin wannan larura, sunfi faɗi, ƙofarsu babba ba tudu, amma kaɗan ne a kowane jirgi suna saurin ƙarewa, ka kira ejen ɗin a satin nan.