Maganin damuwa ya ɗauke mini sha'awa, in daina sha?

Tambaya: Likita, wata biyar ke nan ina shan Sertraline saboda ciwon damuwa. Kukan da nake yi ba dalili ya tsaya, ina samun barci. Amma tun da na fara, sha'awata ta ɗauke ɗif, har maigida ya fara zargin na daina son sa. Wata ƙawata ta ce maganin nan ƙwaya ce, zai lalata ni har abada, in zubar da shi in sayi wani haɗi da ake tallatawa a intanet. Likitana namiji ne, kunya ta hana ni faɗa masa. Ina tsoron aurena ya mutu.

Amsa: Malama, kada ki daina, kada ki rage, kada ki riƙa tsallake kwana, har sai kin zauna da wanda ya rubuta miki shi.

Abin da kika bayyana sananne ne ga magungunan rukunin SSRI, wato su Sertraline, Fluoxetine, Paroxetine da Escitalopram. Suna aiki ne ta hanyar sirotonin, wani sinadari da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, kuma ta wannan hanyar suke rage sha'awa, su jinkirta gamsuwa, wasu matan su sami bushewar gaba. Ciwon damuwar shi kansa yana kashe sha'awa, haka ma shayarwa, ƙarancin jini da matsalar tayirod (wata gaɓa a gaban wuya mai samar da sinadaran jiki), don haka sai an duba kafin a ɗora wa maganin laifin duka.

Maganar ƙawarki kuwa, kullum sai na ji irinta, kuma ta ishe ni. "Ƙwaya ce." Mai shan ƙwaya yana neman maye, yana ƙara adadi da kansa, zai sayar da wayarsa don ya samu. Wa kika taɓa gani yana bin dare yana neman Sertraline don ya bugu? Abin da yake rikita mutane shi ne jiki yana sabawa da maganin, idan aka yanke shi lokaci guda sai ya yi bore. Cikin 'yan kwanaki sai jiri, tashin zuciya, munanan mafarkai, saurin fushi, wasu kuma su ce suna jin kamar wutar lantarki na tsarga musu kai duk sanda suka juya ido. Paroxetine ya fi yin haka domin yana saurin fita daga jini. Daga nan sai masu ba da shawara su ce, "Kin gani? Ai mun faɗa miki." Su ne suka jawo ciwon, su ne kuma suke kafa hujja da shi.

Wannan ma mai sauƙi ne. Wanda ya fi ba ni tsoro yana zuwa ne bayan makonni, lokacin da kowa ya manta an daina magani: damuwar ta dawo, wani lokaci da tunanin kashe kai. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi, ba bayan an fara ba, sannan a sauko a hankali cikin makonni ko watanni. Ke da kike wata na biyar da farawa, da sauran tafiya. A ranar da ciwon zai dawo, ƙawarki ba za ta kwana a gefen gadonki ba.

Shi kuma haɗin, wa ya san abin da ke cikinsa? Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta daɗe tana gano sildenafil, sinadarin Viagra, a ɓoye cikin kayan da aka rubuta musu "na ganye zalla". Wasu ganyayyakin, irin wanda ake kira St John's wort, idan suka haɗu da maganinki suna iya jawo zazzaɓi, gumi, karkarwa da ruɗewa, har a kai mutum asibiti a ɗauke. Tramadol ma haka. Mai talla bai tambaye ki abin da kike sha ba, lambar asusunsa kawai ya turo.

Batun "har abada": a 2019 hukumar magunguna ta Turai ta sa a rubuta gargaɗi cewa a wasu mutane matsalar kan ci gaba bayan an daina. Gaskiya ne, kuma dalili ne na ki yi magana da wuri. Ga akasarin mutane tana warwarewa idan an rage adadi, ko an koma wani magani kamar Bupropion ko Mirtazapine waɗanda ba su cika taɓa sha'awa ba. Likita ne zai zaɓa, domin kowanne da nasa sharaɗin.

Kunya kuma, kina da haƙƙin neman mace ta duba ki, ko ki rubuta a takarda ki miƙa. Ɗakin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ba kotu ba ne. Kowa ya shigo, mai aure ko gwauro, ko mene ne addininsa, ko wanda yake kokawa da tambayar wane ne shi da wa zuciyarsa take so, aikinmu mu saurara mu rufa asiri, sai dai in rai na cikin haɗari. Wanda ya yi miki dariya ko ya hau ki da faɗa, canza shi.

Ki nemi maigida ya raka ki zama ɗaya. Sau da yawa ina ganin fuskar miji ta saki da zarar ya ji daga bakin likita cewa magani ne ba ƙiyayya ba. Akwai hanyar da Masters da Johnson, masu binciken harkar saduwa daga Amurka, suka bayyana a 1970: ma'aurata su jingine saduwa na ɗan lokaci, su tsaya ga taɓa juna kawai, ba tare da jiran wani sakamako ba, sannan a ƙara mataki-mataki. Tana sauke nauyin "dole in ji wani abu", wanda shi ma yake kashe jin.

Ki nemi ganin likitanki a makon nan. Idan kuma tunanin cutar da kanki ya zo miki kafin lokacin, ki faɗa wa wani na kusa, ku tafi sashen gaggawa a ranar.