Tambayi Tanti: 'yan kunnen waya da zoben da ke mai da yatsa kore

Tunda muka taɓa maganar sana'ar cikin gida saƙo ya ƙi tsayawa, kuma rabinsa duk kan 'yan kunne da zobban waya ne. Na tsamo uku, sauran ku yi mani haƙuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Tanti, ina wuni ya gida ya yara. Ɗiyarki ce daga unguwar Zariya nan Maraɗi. Da hutun lakwal na fara lanƙwasa 'yan kunne da zobba, a waya na koya, kuma alhamdulillahi ana saye. To ƙawata ta sa 'yan kunnena kwana biyu sai ga ta kunne ya yi jawur yana ƙaiƙayi har da ruwa-ruwa, wata kuma zobe ya mai da mata yatsa kore ta je tana faɗi wai na sa mata wani abu. Wallahi Tanti kunya kamar in nutse, mi zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kin koyi aikin waya a waya, zamani kenan. Kwantar da hankalinki, abu biyu ne kika haɗa wuri guda kuma ba danginsu ɗaya ba.

Koren yatsa ba komai ba ne illa halin jan ƙarfe. In zufa ta taɓa shi, gishirin zufar da ɗan tsaminta sai su ci saman ƙarfen, abin da ya fito shi ne koren nan da ke manne wa fata, sabulu da ruwa sun wanke shi. Ki tuna garin da muke, a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, mace na tuƙa tuwo tana wanke-wanke da zobe a hannu, ina zai ƙi kore? Dabarar ita ce ki shafa man farce marar launi a cikin zoben, shafi biyu, na farko ya bushe kafin na biyu. Ba ya dawwama fa, yana gogewa, shi ya sa tun wurin ciniki ki faɗa wa mai saye gaskiya: wannan jan ƙarfe ne, ki cire in za ki wanki, in ya dushe ki goge da lemun tsami da gishiri ko ruwan tsamiya ki ɗauraye ki shanya. Wadda aka gaya wa tun farko ba ta zuwa gidan suna tana ɓata maki suna.

Maganar kunne ita ce babba, nan zan daɗe. Ina kyautata zaton ƙugiyar da kike rataya adon a jiki ta fakiti ce, irin mai arha mai ƙyalli kamar azurfa. Da yawansu akwai wani ƙarfe a ciki da ake ce wa nikel, shi ne kan gaba wajen sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma wadda jikinta ya ƙi shi to ya ƙi kenan, ko bayan shekara goma ta sake sawa sai ya tashi. Ni ma ta taɓa ci na. Farkon farawata na kai kaya gidan biki, 'yan matan amarya suka kwashe tas ina ta murna ina lissafin riba, kwana uku ba a yi ba uwar ɗaya daga cikinsu ta sallama mani da yarinya kunne ya kumbura kamar an sa yis. Na mai da kuɗi na ba da haƙuri, sauran fakitin ƙugiyar kuwa a masai ya kwana.

Tun daga ranar na raba aikin biyu. Adon da ke lilo a ƙasa ki yi shi da duk wayar da ta yi maki, amma ɗan guntun da ke shiga hujin kunne kar ki yi masa rowa. Ki nemi ƙugiyar inoks, wato farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, yawancin mata na ɗaukarta lafiya lau duk da ita ma akwai ɗan nikel a ciki, don haka mai fata mai saurin fushi azurfa ta fi mata. Ki je wurin maƙerin fari ya ja maki wayar azurfa siririya, kauri wajen milimita 0.8, shi ne daidai hujin kunne, in ta fi haka tana buɗa huji da zafi in ta gaza kuma miƙewa take ɗan kunne ya faɗi a hanya. Santimita 5 ta isa ƙugiya ɗaya, ki naɗe ta a jikin biro ta ba ki lanƙwasa mai kyau.

Sai bakin wayar. Duk inda almakashi ya yanke akwai kaifi ko ido bai gani ba, kuma sau da yawa shi ne ke yaga cikin huji ana ɗora wa ƙarfe laifi. Ki goge bakin da samfefa mai laushi har ya yi mulmul, sannan ki ja shi a kan mayafi mai santsi, in ya kama zare ko ɗaya to bai yi ba, koma ki ƙara gogewa. Ƙawar taki ta cire ta bar kunnen ya huta, in kuma ya fara mugunya ko kumburi na ƙaruwa ta tafi likita, kar a tsaya shafe-shafe. Jaririya da wadda aka yi wa huji sabo kuwa kar ki sayar masu da na jan ƙarfe sam.

Tambaya: Tanti barka da aiki. Daga Tibiri nake, 'ya'yana huɗu, maigida ya ce in nemi abin yi amma jarina bai wuce jikka biyu ba. Waɗannan wayoyi masu launi na kanti sun fi ƙarfina, ba wata hanya?

Amsa: Akwai mana ƙanwata, jikka biyu ma ta yi yawa in koyo za ki fara. Ki samu mai aikin kuran a unguwarku ki roƙi guntayen wayar da suka rage bayan an ja wuta a gida, wadda ke da ƙarfe ɗaya a ciki. Wadda suke ce wa 1.5 kaurin ƙarfenta ya kusa milimita 1.4, ta yi wa zobe da babban ɗan kunne daidai, 2.5 kuwa ta kusa 1.8, ta fi dacewa da awarwaro amma tana gajiyar da hannu. Siririyar da za ki ɗaure duwatsu da ita kuma ki nema wurin masu naɗin fanka da injin ban ruwa, tasu na da wani shafi a jiki da ke hana ta dushewa da wuri. Amma ki san hannun da kika saya, wayar da yaro ya kawo da dare a buhu ba ta da albarka, kar a zo neman ɓarawon kuran a same ki da ita.

Don Allah kar ki ƙona robar a murhu kamar yadda 'yan gwangwan ke yi, hayaƙin guba ne ga ki da yara a gida, ki tsaga ta da reza a hankali ki zare. Haka dalmar masu gyaran rediyo, kar ta kusanci abin da za a sa a jiki. Wayar ɗaurin magina kuma tsatsa take.

Kayan aiki na farko filaya ce mai siririn baki da abin yanka waya, ki leƙa babbar kasuwa ran Litinin ko Juma'a wajen masu kayan kuran. Ki naɗe bakin filayar da salatif don kar haƙoranta su yi wa waya tabo. In ba ki samu mai zagayayyen baki ba ƙusa ta isa yin ƙananan zagaye, ni da ƙusa 'yar inci huɗu na yi wata shida. Jan ƙarfe yana da wani hali da za ki so: duk lanƙwasa da duka ƙara masa tauri suke, saboda haka in kin gama siffar ki ɗora a kan guntun ƙarfe ki ɗan bubbuga da ƙaramar guduma, zai tsaya ƙyam ba ya lotsewa. In kuma ya yi maki taurin kai tun ba ki gama ba, ki sa tsirararsa a garwashi ya yi ja kaɗan ki tsoma a ruwa, zai dawo laushi, baƙin da ya yi lemun tsami ya fid da shi. Kuma 'yan kunne tagwaye ne, ki yanke wayoyin biyu tare, duk lanƙwasar da kika yi wa Hassana ki yi wa Usaina nan take, in kika gama ɗaya tukuna wallahi sai ɗayan ya fito ɗan riƙo.

Tambaya: Tanti zobbana kullum ko su yi yawa ko su matse, yaya ake awo? Ƙanenki ne daga Bagalam, ina taya yayata.

Amsa: Sannu ƙanena, Allah ya yi albarka. Ka zagaya yatsan da siririyar takarda, ba zare ba don zare na miƙewa, ka tabbata za ta wuce gaɓa, ka sa alama ka auna a kan rula. Milimita nawa ka samu ita ce lambar zoben a lissafin Faransa, 54 na nufin kewaye milimita 54, faɗin raminsa 17 da ɗan kaɗan. Awon yamma ya fi, don yatsa na ɗan kumbura da zafin rana. In zagaye uku za ka yi wa mai 54 ka yanki santimita 22, rarar ta murɗa ado ce a sama. Ka naɗe a jikin abin da ya ɗan gaza yatsan kauri, don waya na saki kaɗan in ka cire hannu. Na san wani yaro da ya sa kafinta ya fere masa guntun muciya, gindi kauri kai siriri, ya zana lambobi a jiki da biro, da shi yake awon duk zobbansa.